Törbel, ƙauyen da ingirici ke yanke wa kowa yawan shanunsa

A shekarar 1517 mutanen wani ƙauye mai suna Törbel suka zauna suka rubuta doka: ba wanda zai kora shanu zuwa makiyayar gari da ke saman dutse fiye da adadin da ya iya ciyarwa a turkensa da hunturu. Wanda ya fitar da shanu uku daga sanyi da ciyawar da ya tara, uku zai kai. In ya sayo ta huɗu ana gobe hawa, ko ya karɓo kiwon wani daga maƙwabcin gari ya cusa cikin nasa, tara na jiransa. Kusan duk abin da ake yi a ƙauyen, daga rabon ruwa zuwa rabon gado, in ka bi sawunsa, kan wannan lissafi na ciyawa zai dawo da kai.

Törbel yana jihar Valais a kudancin Suwizalan, cikin tsaunukan Alps, a manne jikin gangare kimanin mita 1,500 sama da teku. A ƙasansa kwarin kogin Vispa ne, inda jirgin ƙasa ke bi zuwa Zermatt. Mutanensa ba su wuce 500 ba, mabiya ɗarikar Katolika ne, kuma Jamusancinsu na gida ne, irin wanda ko Bajamushen Berlin sai ya kasa kunne sosai kafin ya tsinci wani abu. Su da bakinsu Terbil suke kiran garin. Ƙasar ƙauyen ta faro ne daga bakin kogi, ƙasa da mita 800, ta hau har ƙololuwar Augstbordhorn da ta kusa mita 3,000. Wato a cikin iyakar gari ɗaya akwai yanayi hawa-hawa: can ƙasa inda ake zafi gonakin inabi ne, sai gonakin hatsi da lambuna a kewayen gidaje, sai filayen yankan ciyawa, sai daji, sai makiyaya a can sama. A da magidanci na da ɗan abu a kowane hawa, shekararsa kuwa a hawa da sauka take ƙarewa.

Ga lissafin da ke sarrafa komai. Saniya na cin busasshiyar ciyawa, wato ingirici, tsakanin kilo 12 zuwa 15 a rana. Daga lokacin da dusar ƙanƙara ta rufe ƙasa zuwa fitowar sabon tsiro, wata shida ne ko fiye tana ɗaure a ɗaki. Ka ninka, za ka ga saniya ɗaya na buƙatar sama da tan biyu, har zuwa uku. A da babu motar da za ta kawo maka ko dami ɗaya daga wani wuri. Abin da ka yanka da hannunka a wata uku na zafi, shi ne iyakar dukiyarka.

Ruwa tukuna

Wanda ya saba ganin Suwizalan a hoto kore shar zai yi mamakin jin cewa wannan yanki na fama da ƙarancin ruwan sama. Tsaunuka sun tare shi kudu da arewa, hadari na zubar da kayansa kafin ya tsallako. Ackersand, wata 'yar unguwa kusa da Stalden a gindin dutsen da Törbel ke kai, ita ake ambata a matsayin wuri mafi bushewa a ƙasar, da ruwan da bai wuce kusan milimita 550 a shekara ba, kwatankwacin abin da birnin Yamai ke samu. Ga gangaren na fuskantar rana, ga iska mai busar da ƙasa. Filin da ba a ba shi ruwa ba, kafin ƙarshen Yuli ya ƙone.

Maganin shi ne hanyoyin ruwa da ake jawowa daga ƙoramun saman dutse, inda ƙanƙara ke narkewa. Masu Jamusanci na ce musu Suonen, masu Faransanci a ɗaya ɓangaren jihar na ce musu bisses. Babbar ta Törbel daga yankin Augstbord take tahowa, tafiyar kilomitoci a jikin dutse, kuma da ƙauyen Zeneggen suke raba ta. Gwanintar tana wajen gangara: in ta yi yawa ruwa ya ci gaɓarsa ya ɓalle, in ta yi kaɗan yashi ya kwanta ya toshe. Gefen da ke kallon kwari, da faffaɗan duwatsu ake gina shi, a kafa su a tsaye ɗaya bayan ɗaya, ana cusa yankakkiyar ƙasa mai saiwar ciyawa a tsakaninsu. Saiwar ce ke ci gaba da girma ta ɗinke ginin. Inda aka iske dutse a miƙe ba wurin haƙa, sai a fafe gungumen itace kamar indararo, a jera, a rataye su jikin dutsen da turaku. A wannan aiki maza da yawa suka rasa rayukansu a faɗin Valais.

Akwai dabaru biyu da suka cancanci a tsaya a kansu. Na farko, akwatin tace yashi a bakin hanya: wani faffaɗan wuri ne inda ruwa ke rage gudu, tsakuwa da yashi su zauna, a riƙa buɗe ƙofar ƙasa ana zubar da su. Na biyu, gudumar ruwa. Ƙaramar ƙafa ce kamar ta injin niƙa da ruwa ke juyawa, tana ɗaga guduma tana sakinta kan katako. Ƙarar na kaiwa nesa. Muddin ana jin bugun, ruwa na tafe. In aka ji shiru, to wani wuri ya fashe ko ya toshe, mai gadi ya ɗauki kayan aiki ya bi hanya, ko da tsakar dare ne.

Kafin a saki ruwa a farkon bazara, sai an yi aikin gayya, wanda suke kira Gmeiwärch. Kowane gida mai haƙƙin ruwa zai ba da mutum, a kwashe ganye da laka da duwatsun da sanyi ya ɓaro, a liƙe tsaga. Wanda bai zo ba ya biya.

Rabon kuwa da sa'a ake yinsa, bi da bi, dare da rana, zagaye na dawowa bayan mako biyu zuwa uku gwargwadon hanya. Kafin agogo ya wadata, da inuwa ake gane lokaci: in rana ta taɓa ƙololuwar dutse kaza, ruwan gidan wane ne, in inuwa ta sauko kan wani dutsen, ya koma na wane. A wurare da dama na Valais ana ajiye shaidar haƙƙin a kan ɗan katako mai ɗauke da tambarin gida da tsage-tsagen da ke nuna sa'o'i. Wani masani mai suna Robert Netting da ya bi diddigin tsarin Törbel ya tarar babu mutum ɗaya a garin da ya san jadawalin gaba ɗayansa. Kowa ya san nasa lokacin, ya san wanda yake karɓa daga hannunsa da wanda zai miƙa wa, kuma hakan ya isa. Ɓarawon ruwa ba ya buƙatar ɗan sanda, domin wanda aka sace wa yana tsaye a ƙasa da fitila yana jira.

Shi kansa ban ruwan aikin tsayuwa ne. Mai fili na da farantin ƙarfe mai mariƙi da wani gatari mai baki biyu. Zai soka farantin a cikin 'yar kwatar da ta ratsa saman filinsa, ruwa ya taru ya malala ta gefe ya bi gangara. In wannan ɓangare ya sha, ya zare farantin ya matsa gaba taku kaɗan ya sake sokawa, yana sare ciyawar gefe da gatarin inda ruwa ya ƙi bi. Babban kuskure shi ne a kafa faranti a tafi gida. A gangare mai tsauri ƙasar da ta sha ruwa fiye da kima takan saki gaba ɗaya ta zame kan filin maƙwabci ko kan hanya, mai ruwan ne kuma zai biya ɓarna. Ramin ɓera ma kan janye ruwa ta ƙarƙashi ya ɓullo inda ba a zata ba. Yau yawancin filayen da bututu da na'urar feshi ake shayar da su, kuma wanda ke aikin kamfani da rana ba zai ga laifin haka ba. Sai dai inda aka sa tsohuwar hanya cikin bututu, itatuwan da suka rayu da yoyonta sukan bushe. A watan Disamba na 2023 hukumar UNESCO ta sa wannan ban ruwa na gargajiya cikin jerin al'adun da ake karewa, tare da al'adar hawa da dabbobi makiyayar saman dutse.

Yanka da shanya

Filin da ya sha ruwa da taki yana ba da yanka biyu. Na farko daga ƙarshen Yuni zuwa Yuli, shi ne mai yawa. Na biyu, wanda suke kira Emd, a Agusta zuwa Satumba, gajere ne mai laushi, kuma shi ake ɓoye wa shanun tatsa. Akwai ciniki a zaɓen rana: in ka yanka da wuri ka sami ciyawa mai ƙarfi amma kaɗan, in ka jira ta yi fure ta tsufa ka cika rumbu da kara wanda saniya za ta ci ba ta kawo madara ba.

Inda inji ba ya iya tsayuwa, har yau doguwar lauje mai doguwar ƙota ake amfani da ita. Ba wasawa kawai ake yi mata ba. Da yamma ake ɗora bakinta kan ƙaramar maƙera a bi shi da guduma a hankali har ya yi siriri, sannan a gona a riƙa goga masa dutsen wasa da ke rataye a ƙugu cikin ɗan kube mai ruwa. Da asuba ake yanka, tun raɓa na jiki, don busasshiyar ciyawa kwanciya take yi a gaban lauje. A baza, a juya da manjagara, a ba ta rana kwana biyu ko uku. Gwajin mai sauƙi ne: ka murɗa danƙi ɗaya a hannu, in karan ya karye ta yi, in ya lanƙwashe da danshi da saura. Wanda ya ga hadari ya yi gaggawar tura ɗanyar ciyawa rumbu ya sayi wahala. Takan yi fumfuna, ko kuma ta ɗau zafi daga ciki, kuma in zafin ya haura digiri 70 tana iya kama wuta da kanta, makonni bayan an ajiye ta. Shi ya sa ake soka mata dogon ma'aunin zafi a makonnin farko. Gari na katako, gida jikin gida, ba ya wasa da wannan.

Abin da ya fi burge ni a tsarin shi ne ƙananan rumbunan da ke warwatse ko'ina a gangaren, kowanne ɗakin dabbobi a ƙasa, ma'ajiyar ciyawa a sama. Ɗaukar tan uku na ciyawa a ka daga nesa zuwa gida, sannan a sake ɗaukar taki a mayar, aikin banza ne. Sai suka juya abin: ciyawa na nan inda aka yanke ta, saniya ake kai mata. In ta cinye wannan rumbu a kora ta cikin dusar ƙanƙara zuwa na gaba, takinta kuma ya rage a kan filin da ya ciyar da ita.

Makiyayar gari

Wajen ƙarshen Yuni ake hawa da shanu makiyayar Moosalp, mita 2,048 sama da teku, su zauna har farkon Satumba ko tsakiyarsa. Dalilin hawan ba daɗin ciyawar sama kaɗai ba ne. Dole a fitar da bakin saniya daga filayen ƙasa don a samu abin yanka, kuma dole a 'yantar da hannayen mutanen gida don su yi yankan. Makiyaya 'yan kaɗan da mai yin cuku aka ɗauka haya suke riƙe da garken gari duka.

Takardun mallakar ƙasa a Törbel sun koma har 1224. Ranar 1 ga Fabrairu, 1483, mazauna garin suka sa hannu kan yarjejeniyar da ta kafa ƙungiyarsu, kuma a ciki suka ce baƙon da ya sayi fili a garin bai sayi haƙƙin makiyaya ko na saran itace ba. Wannan haƙƙi na 'yan gari ne, gado ake yinsa, sai in jama'a sun yarda su shigar da mutum. Har gobe a Valais akwai hukuma biyu a gari ɗaya: ta duk mazauna, mai kula da makaranta da hanya da haraji, da ta 'yan asali, mai riƙe da daji da makiyaya. A da wanda ke sa ido kan dokar 1517 jami'i ne daga cikinsu, kuma rabin tarar da ya ci aljihunsa take shiga, don haka ba ya gyangyaɗi. Ko ba shi ma, a garin da kowa ya san girman rumbun kowa, ƙarya ba ta da wurin ɓuya. Yawan shanunka kuma shi ke yanke maka yawan kwanakin gayya: gyaran hanya da shinge, tsince duwatsu, baza taki a makiyaya.

Masanin da ya fito da labarin garin duniya Ba'amurke ne, Robert Netting, wanda ya zauna a can a farkon shekarun 1970. Kafin nan a Nijeriya ya yi bincike, cikin Kofyar manoman dutse na yankin Filato, kuma tambayarsa a wuraren biyu ɗaya ce: yaya ƙaramin manomi ke rayuwa a kan ƙasa kaɗan ba tare da ya kashe ta ba? Abin da ya lura da shi a Törbel yana da ma'ana. Duk ƙasar da wahalar mutum ke ƙara mata albarka, kamar lambu, gonar inabi da filin yanka, mallakar mutum ɗaya ce. Wadda amfaninta kaɗan ne a kowace kadada, kuma sai da faɗi take biya, kamar makiyaya da daji, ta gari ce. Ƙarni biyar suna riƙe da tsarin biyu a tare, ba su ga wani saɓani ba. Daga aikinsa wata masaniya Ba'amurkiya, Elinor Ostrom, ta ɗauki Törbel a matsayin misali cewa dukiyar jama'a ba lalle ta lalace ba in masu ita suka tsara dokarsu da kansu, aikin da ya kai ta ga kyautar Nobel ta tattalin arziki a 2009.

Ranar hawa ranar biki ce, kuma abin kallo faɗan shanu ne. Ba bijimai ba, mata. Akwai wani iri na Valais, Eringer, baƙaƙe ko ja mai duhu, gajerun ƙafafu, faffaɗan ƙirji, waɗanda in suka haɗu daga turaku daban-daban sai sun tantance shugaba. Su tona ƙasa, su haɗa goshi, su yi ta ture har ɗaya ta juya baya. Ana dakushe tsinin ƙaho, rauni mai tsanani kuma ba kasafai ba. Wadda ba a kayar ba ita ce sarauniyar garke. Gasar ƙarshe ta jihar a Aproz ake yinta a watan Mayu. In don madara ne, Eringer ba ta ba da rabin abin da saniyar madara irin Holstein ke bayarwa, mai ita ma ya sani. Don suna ake kiwonta.

Madarar bazara, abincin hunturu

Madara ba ta kwana, hanya kuma nesa, don haka a can sama ake mayar da ita cuku. Ta yamma a sanyaya ta, a haɗa da ta safe a babbar tukunyar tagulla, ɗanya ba a tafasa ba. A ɗumama zuwa kusan digiri 32, a zuba irin tsami, sannan a sa abin daskarewa da ake samu daga tumbin ɗan maraƙi mai shan nono, aikin da ruwan tumfafiya ke yi wa masu yin wara. Cikin minti 30 zuwa 40 ta kama. A yanka ta da wani firam mai jeren wayoyi har gutsattsarin su koma kamar ƙwayar masara, a ci gaba da motsawa ana ƙara wuta zuwa wajen digiri 40 don su fitar da ruwa. A kwashe cikin mazubi mai da'ira, a danne, ana juyawa. Washegari a tsoma cikin ruwan gishiri kamar kwana ɗaya, sannan a jera kan katako a ɗakin ƙasa mai sanyi da laima, ana goge bayansa da ruwan gishiri ana juyawa. Lita 10 na madara ke ba da kusan kilo ɗaya, kowane ƙwarya kuma kusan kilo 5 ne. Wanda za a sayar da sunan Raclette du Valais, sunan da doka ta kare tun 2007, sai ya yi aƙalla wata uku.

Inda abin ke lalacewa sananne ne. Madarar saniya ɗaya da aka yi wa allurar kashe ƙwayoyin cuta, in ta shiga tukunya, ta kashe irin tsamin, an yi asarar tatsar gari ta yini guda. Bokiti ko bututu mara tsabta na sa cuku ya kumbura tun a kwanakin farko, ya yi huji-huji kamar soso. Ciyawar da aka tsima a leda kuwa haramun ce ga shanun wannan cuku, saboda tana ɗauke da ƙwayoyin da ke kwanciya shiru sai bayan makonni su kumbura shi ya tsage ya yi wari. In ɗakin ajiya ya bushe, ɓawo ya dare.

Ana auna madarar kowace saniya, a da a ranaku ƙayyadaddu, yanzu a kowace tatsa. Ranar sauka, bayan an yi wa shanu ado da furanni da manyan ƙararrawa, kowane gida ya karɓi cuku daidai da madarar shanunsa. Cinsa na gargajiya: a raba ƙwarya biyu, a kara fuskar da aka yanka kusa da garwashi, in ta narke a kankare da wuƙa kan dafaffen dankali. Daga kalmar Faransanci mai nufin kankarewa sunan Raclette ya fito.

Sauran abincin ma duk na ajiya ne. Hatsinsu Roggen, ɗan'uwan alkama mai jure sanyi da fari, ana shuka shi a ƙarshen bazara ya kwana ƙarƙashin dusar ƙanƙara a girbe shi bazara mai zuwa. A da sau biyu ko uku a shekara ake hura tandun gari, gidaje na bin layi don kada zafin ya tafi a banza, burodin kuma ya bushe ya yi tauri har sai da wuƙa mai mariƙi a jikin katako ake sara shi, a jiƙa a madara ko miya. Wanda ake sayarwa yau da sunan burodin Valais dole kashi 90 cikin 100 na garinsa ya zama na wannan hatsi. Naman cinyar sa a shafe shi da gishiri da ganyaye, a rataye a iska makonni har ya rasa kusan rabin nauyinsa. Rumbun hatsi kuwa a kan ƙafafun katako yake, kowace ƙafa an kifa mata faffaɗan dutse mai da'ira kamar faifai. Ɓera ya hau ƙafar, ya iske rufi a kansa, ya dawo. Katakon wani itace ne mai suna Lärche, mai yawan ƙaro, wanda rana ke ƙonawa har ya yi baƙi ƙirin, rufin kuma fallayen dutse.

Dajin da ke saman gari ba don itace kawai aka bar shi ba, shi ke riƙe dusar ƙanƙara kada ta zaftaro kan gidaje. A da jami'in daji ke sa wa itatuwan da za a sare alama, a kasa su kashi-kashi, gidaje su ja ƙuri'a, a jawo gungumen da hunturu lokacin da ƙasa ke da santsi.

Gado ma a da da ƙuri'a ake rabawa, kuma daidai wa daida tsakanin 'ya'ya maza da mata. Sakamakon shi ne filaye sun yi ta daddatsewa, har mutum kan mallaki rubu'in rumbu ko ɗaya bisa takwas na ma'ajiya. Abin da ya hana garin cinye kansa shi ne jinkirin aure. A wancan lokacin ba a kafa gida sai an sami filin da zai riƙe saniya, don haka mata kan kusa shekara talatin kafin su yi aure, maza su haura talatin, da yawa kuma ba sa yi sam, rabonsu ya koma ga 'ya'yan 'yan'uwa. Wasu suka tafi aikin sojan haya a ƙasashen waje, wasu daga wannan yanki suka yi ƙaura zuwa Ajantina a ƙarni na 19. Wannan ɓangare ba ya cikin hotunan da ake sayar wa masu yawon buɗe ido, amma shi ma yana cikin kuɗin da aka biya. Da dankali ya shigo a ƙarshen ƙarni na 18, ƙasa ɗaya ta fara ciyar da baki fiye da da, yawan jama'a ya tashi.

Bayan zuwan albashi

Abin da ya sauya garin kamfanin sinadarai na Lonza ne da ke Visp a cikin kwari tun farkon ƙarni na 20, wanda a lokacin korona ya haɗa sinadarin rigakafin Moderna. Da hanyar mota ta samu, magidanci ya zama ma'aikaci da rana, manomi da yamma da ranar Asabar, mata da tsofaffi na riƙe da sauran. Saniya na son tatsa safe da yamma ba fashi, aikin kamfani mai karɓa-karɓa kuma ba ya jira. Sai da yawa suka koma tumaki, musamman masu baƙin hanci da baƙaƙen gwiwoyi da murɗaɗɗen ƙaho, irin na Valais ta sama, waɗanda ake wanke su tas a kai gasar kyau. Gonakin hatsi kusan duk sun koma ciyawa. Wata ƙungiyar 'yan gari ce ke kula da tsohon injin niƙa da tandu da matsar inabi don masu ziyara, wani ƙaramin kamfanin dukanci na iyali kuma na ɗinka jakunkuna da tsofaffin bargunan sojan Suwizalan. Tun ƙuri'ar raba gardama ta 2012, garin da gidajen hutu suka haura kashi 20 cikin 100 na gidajensa ba ya da izinin ƙara sababbi, dokar da ta shafi ƙauyukan dutse da yawa.

Noman gangare ba ya biyan kansa da farashin kasuwa. Gwamnatin tarayya na biyan manoma kai tsaye kusan faran biliyan 2.8 na kuɗin Suwizalan a shekara a faɗin ƙasar, da ƙari ga fili mai tsananin gangara da kuma dabbar da aka kai makiyayar sama. Ba sadaka ba ce zalla. Filin da aka daina yanka, doguwar ciyawarsa kan kwanta ta zama kamar tabarma mai santsi da dusar ƙanƙara ke zamewa a kai, bayan 'yan shekaru kuma ƙaya da ƙananan itatuwa su cinye shi.

Sai kyarkeci. Ya dawo Valais daga Italiya a tsakiyar shekarun 1990, kuma garkensa na farko da aka tabbatar a jihar, a 2016, a yankin Augstbord ne, bayan gidan mutanen Törbel. Tumakin da aka saba sakinsu a dutse ana leƙa su sau ɗaya a mako yanzu sai da shingen lantarki, karnukan gadi da makiyayi. Shinge a kan duwatsu da kwazazzabai wahala ne, ciyawa in ta taɓa waya ta janye wutar, karnukan kuma kan tsorata masu yawo a ƙafa. Mai tunkiya 20 da ke aiki a Visp ba zai iya ɗaukar makiyayi shi kaɗai ba, sai an haɗa garke, wasu kuma sun sayar sun huta. Tun Disamba 2023 doka ta ba da damar rage kyarketai kafin su yi ɓarna, gardamar kuwa ba ta mutu ba.

Dokar ƙidayar shanu tana nan, sai dai yanzu hukuma ce ke yanka wa kowace makiyaya adadinta, da ma'aunin da ke nufin babbar saniya ɗaya na kwana 100. Wanda ya wuce adadin da fiye da kashi 10 cikin 100, a rage masa tallafi. Wanda ya kasa kai kashi 75, shi ma kuɗinsa ya ragu, kuma wannan na biyun ne ke hana shugabannin makiyaya da dama barci a Valais. Shi ya sa tun cikin hunturu suke buga waya garuruwan kwari, har da wasu jihohi, suna neman wanda zai ba su shanu su riƙe masa na bazara.